Shirin da garin Coventry ya yi wa jiragen yaƙi, da abin da ya same shi daren 14 ga Nuwamba 1940

Tambaya: Malam, ina karatun tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, amma duk abin da nake samu labarin janar-janar ne da fagen daga. Ni abin da nake son sani shi ne, garin da ke nesa da fagen daga, wanda ya san wata rana jirage za su zo su yi masa ruwan bama-bamai, wane irin shiri yake yi? Kuma idan jiragen suka zo, shirin nan yana yin rana kuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayar nan ba ta amsuwa a dunƙule, don haka zan ɗauki gari ɗaya in tsaya a kansa. Na zaɓi Coventry, birnin masana'antu a tsakiyar Ingila, kusa da Birmingham, saboda labarinsa a rubuce yake daki-daki, kuma dare guda ya isa ya nuna maka ƙofar da shiri ya rufe da wadda ya bari a buɗe. A taƙaice, sun yi shiri, mai yawa ma. Sai dai kaso mafi tsoka na shirin an yi shi ne don bala'in da bai zo ba. An yi tanadin iska mai guba da tarin gawarwaki. Abin da ya zo kuwa wuta ce, da rashin ruwan kashe ta, da dubban rayayyu da gari ya waye musu ba su da wurin kwana.

Ka fara sanin garin tukuna. A 1940 mutanen Coventry sun kusa 240,000. Tsohon gari ne, tsakiyarsa lunguna ne matsattsu da gine-ginen katako, wasu sun haura shekara ɗari huɗu a tsaye. Sana'ar garin ta yi ta sauyawa, daga saƙa zuwa agogo, daga agogo zuwa keke, daga keke zuwa mota, kuma kowace sana'a a rumfar wadda ta gabace ta take zama. Shi ya sa masana'antu da yawa ba a bayan gari suke ba, suna nan cikin unguwa, katangar ma'aikata ita ce katangar gidan lebura. Da yaƙi ya ƙarato, kamfanonin Daimler da Standard da Humber da Alvis da Armstrong Siddeley suka karkata ga injinan jirage da motocin soja, Alfred Herbert yana ƙera injinan da sauran masana'antu ke aiki da su, GEC kuma kayan rediyo da sadarwa. Duk wanda ya shimfiɗa taswira a Jamus ya san garin nan abin hari ne, kuma ba dabarar da za a jefi masana'anta a bar gidan da ke manne da ita.

Tsoron jirgin sama ya daɗe a zukatan mutanen Birtaniya. Jamusawa sun taɓa jefa wa Landan bama-bamai a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1932 Stanley Baldwin, jigo a gwamnatin Birtaniya, ya faɗa a majalisa cewa jirgin da ya ɗauko bam, ko me aka yi, sai ya wuce. A Afrilun 1937 jiragen yaƙi suka ragargaza garin Guernica a Sifen, hotuna suka bazu. Masu lissafin gwamnati suka ɗauki alƙaluman ƙananan hare-haren yaƙin farko suka ce kowane tan ɗaya na bam zai kashe ko ya raunata mutum 50. Da wannan ma'auni suka yi hasashe a 1937 cewa harin kwana sittin zai kashe mutum 600,000, ya raunata ninkin haka. Ka riƙe lambar nan ta 50, domin kusan duk kuskuren da ya biyo baya daga gare ta ya fito. Wanda ya sa a ransa gawa za ta yi yawa, makabarta da gadon asibiti zai tanada. Ba zai zauna yana tunanin inda matar da rufin gidanta ya tashi, ita da 'ya'yanta lafiya ƙalau, za ta sami shayi da bargo da safe ba.

Na farko a shirin shi ne takunkumin iska mai guba. Zuwa rikicin Munich na Satumban 1938, lokacin da saura ƙiris yaƙi ya ɓarke da Jamus, an raba kimanin miliyan 38 a faɗin ƙasar. Kowa da nasa a kwalin da aka ɗaura wa igiya, a rataye a kafaɗa, har ɗan makaranta. Na ƙananan yara an yi shi da launin ja da shuɗi don kada su firgita, na jarirai kuwa jaka ce guda da ake saka jaririn ciki, uwa na buga masa iska da hannu. Har saman akwatunan gidan waya aka shafa wa wani fenti da ke sauya launi idan guba ta taɓa shi. Ba a jefa wa Birtaniya ko ɗigon iskar nan ba har yaƙi ya ƙare, galibi saboda kowane ɓangare ya san ɗayan yana da abin ramawa.

Na biyu mafaka, kuma a nan ne aka yi abin kirki. Wadda ta fi yawa ita ce ake kira Anderson, da sunan ministan da aka ɗora wa aikin kare farar hula, Sir John Anderson. Fallayen kwano ne masu kauri, shida daga ciki a lanƙwashe, ana haɗa su da noti daga sama. Tsawonta ƙafa shida da rabi, faɗi ƙafa huɗu da rabi, tsayi ƙafa shida. Maigida zai haƙa rami mai zurfin ƙafa huɗu a bayan gida, ya kafa ta, ya rufe samanta da ƙasa aƙalla inci goma sha biyar. An yi ta don mutum shida. Wanda albashinsa bai kai fam biyar a mako ba kyauta ake ba shi, sauran su biya fam bakwai. An fara rabawa a Fabrairun 1939, kafin yaƙi ya ɓarke an raba miliyan ɗaya da rabi. Ba ta jure bam ɗin da ya sauka a kanta kai tsaye, amma bam kaɗan ne ke yin haka. Abin da ya fi kashe mutane shi ne ƙarfin iskar fashewa da ɓaraguzai da gilashi, ita kuwa kwanon nata lanƙwasa yake yi ya sha bugun ba tare da ya karye ba. Aibinta ruwa da sanyi. Da damina ta Turai ta shigo sai ƙasanta ta zama taɓo, mutane su gaji su koma gado, ko su raɓe ƙarƙashin matakalar bene.

To, waɗanda ba su da fili a bayan gida fa? Su ne talakawan tsohon gari, kuma su aka fi cuta. An gina musu mafakar bulo a bakin titi, mai rufin kankare, mai ɗaukar mutum kusan hamsin. Siminti ya yi ƙaranci a 1940, takardar umarnin da aka aika wa magina kuma ba ta fito fili ba, sai aka gina da yawa da farar ƙasa da yashi kawai. Bam ya fashe kusa, bango ya zame, rufin ya sauko a kan na ciki. Labari ya bazu a ƙasar, mutane suka ƙi shigarsu, kuma ban ga laifinsu ba.

Na uku duhu. Daga 1 ga Satumba 1939 aka kashe fitilun titi, kowace taga sai an rufe ta da baƙin ƙyalle, fitilar mota kuma a rufe ta a bar ɗan siririn tsagi. A watan farko waɗanda mota ta kashe a kan titi sun kusa ninka na shekarar da ta gabata, alhali Jamus ba ta jefa ko bam ɗaya ba, sai da aka bi gefen tituna da kututturan itatuwa da farin fenti. A ranar 1 ga Satumban ce kuma aka fara kwashe yara daga birane zuwa ƙauyuka, kusan mutum miliyan ɗaya da rabi cikin 'yan kwanaki. A Coventry iyaye kaɗan ne suka yarda, kuma da aka yi watanni shiru ba hari, yawancin waɗanda suka tafi suka dawo gida.

Sai mutane. Dokar 1937 ta wajabta wa ƙananan hukumomi su tsara kariyar hari ta sama. Kowace unguwa aka naɗa mata jami'ai, yawancinsu 'yan sa-kai ne masu aikinsu da rana. Aikin jami'in unguwa shi ne ya san gida nawa ne a layinsa, mutum nawa ke kwana a kowanne, kuma a ina suke fakewa. Kafin hare-hare su fara, haushinsa ake ji, shi ne mai buga ƙofa yana cewa a kashe fitila. Ranar da gida ya rushe kuwa, shi kaɗai ne zai iya ce wa masu tono, tsohuwar gidan nan ba ta shiga rami, ku duba ƙarƙashin matakala. A 1938 aka kafa rundunar 'yan kwana-kwana ta 'yan sa-kai, aka kuma kafa ƙungiyar mata ta agaji ƙarƙashin Lady Reading. Sama da garin aka ɗaga manyan balan-balan 56 ɗaure da wayar ƙarfe don hana jirage saukowa ƙasa-ƙasa, aka girke manyan bindigogin kakkaɓo jirage 24 da ƙanana 12. Jiniya kuma iri biyu ce: mai hawa da sauka tana nufin ga su nan, mai miƙewa da murya ɗaya tana nufin sun wuce.

Daga Agusta zuwa Oktoban 1940 an kai wa garin ƙananan hare-hare goma sha bakwai, mutum 176 suka mutu. A wannan lokacin mutane suka koyi abin da takarda ba ta koya musu ba, misali bam ɗin da ke faɗowa ya yi shiru, agogo na tafiya a cikinsa. Ranar 17 ga Oktoba wani hafsan injiniyoyin soja, Alexander Campbell, ya tarar da irinsa a masana'antar Triumph, ba halin kwance shi a wurin. Aka ɗora shi a mota, shi kuma ya kwanta a gefensa ya kara kunne, don in ya ji agogon ya motsa ya ce wa direba ya tsaya su gudu. Suka kai shi bayan gari lafiya. Washegari wani bam ɗin ya tashi da shi da mutanensa a filin Whitley.

Yanzu daren kansa. Alhamis ce, wata ya cika, sama tas ba gajimare. Jiniya ta yi kuka wajen ƙarfe bakwai da minti goma na dare, minti goma bayan haka wuta ta fara sauka. Jiragen farko goma sha uku ne ƙirar Heinkel, na wata runduna ta musamman mai lamba 100, kuma ba da ido suka nemo garin ba. Jamusawa sun harbo siririn saƙon rediyo daga gaɓar Faransa ya ratsa ta saman Coventry, matuƙi yana bin sa. Wasu saƙonni uku daga wata tashar suna gitta na farkon a wurare sanannu. Idan jirgi ya ratsa su, wani agogo a cikinsa ya auna gudunsa, ya saki bama-baman da kansa. Turawan Ingila sun san da na'urar, sun ma yi ƙoƙarin dagula ta a daren, amma an saita sautin dagulawar ba daidai ba, na'urar Jamusawa ta tace shi ta zubar. Ka ga ke nan duk baƙin ƙyallen da aka shekara ana rataya wa taga bai hana komai ba a daren. Aikin jiragen farko su kunna wuta, sauran kuma, fiye da ɗari huɗu, su bi hasken. Haka suka yi ta zuwa rukuni-rukuni har ƙarfe shida da kwata na safe. Awa goma sha ɗaya.

Bari in tsaya a kan bam mai tada gobara, don shi ne ya ci garin. Ƙaramin abu ne, nauyinsa kilo ɗaya, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba, jikinsa na wani ƙarfe ne da shi kansa yake ci da wuta. Jirgi ɗaya yana ɗaukar ɗaruruwa, idan aka sake su sai su zubo kamar ƙanƙara a rufin kwano. Guda ɗaya ba abin tsoro ba ne in an gan shi da wuri. A minti na farko ko na biyu mutum ɗaya da shebur da bokitin yashi zai iya gamawa da shi, ko ya fesa masa ruwa a hankali da ɗan famfon hannu da aka raba wa unguwanni, ɗaya na bugawa, ɗaya na riƙe da bakin tiyo. In aka watsa masa ruwa da yawa lokaci guda, tartsatsi yake yi ya bazu. Matsalar ita ce ya huda rufi ya maƙale a silin ɗin kanti ko ofis da aka kulle tun yamma, mai makulli yana can gidansa a wata unguwa. Kafin a farga katako ya kama. A daren an zuba fiye da 30,000, haɗe da tan 500 na bama-bamai masu fashewa, da wasu manyan nakiyoyi kusan hamsin da ke saukowa da lema su fashe a saman ƙasa su share layi guda. Haɗin da gangan aka yi shi. Masu fashewa su ɓare rufi, su fasa bututun ruwa, su rufe hanya, su kori masu kashe wuta zuwa cikin rami, masu ƙonawa kuma su yi aikinsu ba mai damunsu.

Coci biyu da ke maƙwabtaka a tsakiyar gari sun nuna abin da nake nufi. Babbar majami'ar St Michael, ginin ƙarni na goma sha huɗu, mutum huɗu ne ke gadin rufinta: shugabanta Richard Howard, da magininta Jock Forbes, dukansu manya, da samari biyu. Rufin hawa biyu ne, dalma a waje, katako a ciki, da tazarar da ba ta kai ƙafa biyu ba a tsakani. Bam ya huda dalmar ya zauna a wannan tazara, sai an ɓanɓare dalmar da ƙarfe kafin a kai gare shi. Sun kashe na farko, sun kashe na biyu, wasu suka sake zubowa a wurare da yawa lokaci guda, yashi ya ƙare, ƙarfinsu ya ƙare. Motar 'yan kwana-kwana ta iso daga garin Solihull da ke kusa wajen tara da rabi, aka shimfiɗa tiyo, ruwa ya zo na ɗan lokaci ya ɗauke. Daga nan sai kwashe abin da za a iya ɗauka. Da safe bangon waje ne ya rage da hasumiya mai tsayin mita 90. Taku kaɗan daga nan akwai cocin Holy Trinity. Limaminta Graham Clitheroe ya daɗe da tanadar tsani da tiyo, yana kwana a cocin shi da mutum biyu zuwa uku, suka kwana suna kashewa suna turo bama-baman ƙasa daga rufi. Tana nan tsaye har yau. Ba zan ce tanadi kaɗai ya cece ta ba, akwai rabo a ciki, don da ruwan wutar da ya sauka a kan maƙwabciyarta ya sauka a kanta, mutum huɗu ba za su iya ba. Amma a faɗin garin haka abin ya kasance, ginin da ke da mutum a kan rufi ya fi wanda aka kulle aka tafi damar kwana.

Ruwa shi ne inda shirin ya karye. Bututan garin ba su da zurfi, sa'o'in farko suka farfashe, 'yan kwana-kwana suka koma jan ruwa daga magudanar jiragen ruwa da ɗan kogin Sherbourne, tiyo kuma ɓaraguzai na yanka shi. Wayar tarho, wadda duk tsarin ya dogara da ita, ta mutu da wuri, aka koma aika yara matasa a kan keke cikin wuta. Babban ofishin 'yan kwana-kwana shi kansa an same shi. Agaji ya taso daga garuruwan kewaye, amma a lokacin Birtaniya tana da rundunonin kashe gobara fiye da dubu ɗaya da ɗari biyar, kowacce da shugabanta da irin kayanta, har ta kai bakin tiyon wani gari ba ya shiga famfon wani. Wutar lantarki ta ɗauke, bututan gas suka kama da wuta a tsakiyar titi.

Bindigogi fa? Sun harba harsashi fiye da 6,700, jirgi ɗaya suka kakkaɓo. Jiragen Birtaniya masu farautar dare sun tashi fiye da sau ɗari ba su harbo ko ɗaya ba, domin na'urar hango jirgi da ake ɗora musu ba ta gama nuna ba a lokacin. Amfanin bindigogin a daren bai wuce tilasta wa jirage tashi sama da kuma kwantar wa na cikin rami hankali cewa ana ramawa ba. Da suka yi shiru can cikin dare, mutane sun lura.

Da gari ya waye, an ƙiyasta mutum 568 sun mutu, 863 sun ji mummunan rauni, wasu 393 raunin da bai kai haka ba. Koma kan lambar nan ta 50. Da lissafin ya yi daidai, tan 500 zai taɓa mutum 25,000. Abin da aka samu bai kai mutum huɗu a kowane tan ba. Ramukan bayan gida da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa sun yi aikinsu. Amma gidaje fiye da 4,300 sun rushe, kashi biyu cikin uku na gine-ginen garin sun taɓu, tsakiyar gari da kantuna da kasuwa sun tafi. Ba ruwa, ba wuta, ba gas, ba burodi, ba mota. Taragon lantarki da ke yawo a titunan garin bai sake tafiya ba har abada. Bututan ƙazanta sun fashe kusa da na ruwan sha, aka yi shelar a tafasa ruwa, aka shiga yi wa mutane allurar rigakafin taifot. Wuraren da aka ware don saukar waɗanda suka rasa gida ba su da yawa, wasunsu ma sun ƙone. Matan ƙungiyar agaji ƙarƙashin Pearl Hyde, wadda daga baya ta zama magajiyar garin, su ne suka riƙe ciyar da mutane kafin motocin abinci su iso daga waje.

Kada ka yarda da hoton da farfaganda ta bari, na mutanen da bam ke sauka suna murmushi. Tom Harrisson, wanda ke jagorantar wata ƙungiyar masu nazarin halin jama'a, ya shiga garin washegari da mutanensa. Rahotonsu ya ce firgici da kuka da ruɗewar da suka gani a fili a wannan rana sun fi duk abin da suka gani a wata biyu a sauran wurare a haɗe. Dalilin da ya bayar ya gamsar da ni. Landan tana da girma, in an ƙona unguwa ɗaya sai ka hau mota ka je wata ka sayi abinci, ka ga rayuwa na tafiya. Gari mai girman Coventry tsakiya ɗaya gare shi, kowa ya ji kowane bam, kowa ya san wani da ya mutu. Dubbai suka ɗaura kaya a keken jarirai suka fita da ƙafa, wasu suka riƙa kwana a ƙauyuka da gefen hanya suna dawowa aiki da safe. Hukuma ba ta so hakan ba, tana ganin alamar karaya ce. Ni a ganina hankali ne, kuma da yawansu ba su bar aikinsu ba. Sai dai wani lokaci gudun gara ne a faɗa gidan zago: mako guda bayan haka nakiya ta faɗa garin Kenilworth da ke kusa ta kashe fiye da mutum ashirin, cikinsu har da waɗanda suka baro Coventry don neman tsira.

Sarki George na Shida ya zo ranar 16 ga wata ya taka cikin ɓaraguzai. An kawo sojoji su share hanya. Gawarwaki da yawa ba a iya gane su ba, aka yanke shawarar binne su tare a dogayen ramuka a makabartar London Road, mutum 172 ranar 20 ga Nuwamba, sauran bayan kwana uku. Masana'antu kuwa, wajen kashi ɗaya cikin uku sun yi mummunar lalacewa, amma injin ƙarfe ba ya mutuwa da sauƙi. Rufi ya tashi, a share, a ja tamfol, a ci gaba. Abin da ya fi tsayar da aiki rashin lantarki da gas da ruwa ne, da ma'aikacin da ke neman inda zai ajiye iyalinsa. Cikin makonni wasu suka dawo aiki, cikin 'yan watanni yawancinsu. Hafsoshin sojan saman Birtaniya sun karanci wannan darasi da kyau, suka gane ƙona tsakiyar gari ya fi jifan masana'anta ɗaya-ɗaya illa, suka kuma juya shi kan Jamus, a Lübeck a Maris 1942, sannan a Hamburg a Yulin 1943 inda fiye da mutum 35,000 suka mutu.

Za ka ci karo da wani zance, gara in riga shi zuwa. A 1974 wani tsohon jami'in leƙen asiri, F. W. Winterbotham, ya rubuta cewa Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, Winston Churchill, ya san Coventry za a kai wa hari, ya yi shiru don kada Jamusawa su gane ana karanta saƙonninsu na sirri. Takardun da aka buɗe daga baya ba su goyi bayan haka ba. An san babban hari na tafe a daren cikar wata, amma an fi zaton Landan ce da kewayenta. Churchill kansa ya kama hanyar barin Landan a yammacin ranar, ya sa aka juya mota ya koma saboda yana tsammanin can za a buga. Sai wajen ƙarfe uku na rana aka gano saƙonnin rediyon sun haɗu a kan Coventry. Ko da an sani tun da safe, ka riga ka ga abin da bindigogi da jiragen farauta suka iya.

Gyara ya biyo baya, kowanne yana toshe ramin da aka gani. A farkon 1941 gadin wuta a kan rufi ya zama tilas, ma'aikata suna kwana a wuraren aikinsu bi da bi. Aka gina manyan tankunan ruwa a tituna, aka mai da ginshiƙan gidajen da suka rushe matattarar ruwa, don kada a sake dogara da bututu kaɗai. Aka fito da mafakar cikin ɗaki mai suna Morrison, tebur ne na ƙarfe mai raga a gefe, a ci abinci a kansa da rana a kwana a ƙarƙashinsa da dare, saboda an gane mutane ba za su daina kwana a gida ba. Aka tanadi ayarin motocin abinci masu zuwa garin da aka buga cikin sa'o'i. A dazuzzukan da ke nesa da birane aka shirya wuraren kunna wutar bogi don jiragen baya su ɗauka nan ne garin.

Ba duka suka kammala a kan lokaci ba. A daren 8 da na 10 ga Afrilu 1941 jiragen suka dawo Coventry, mutum 451 suka mutu, babban asibitin garin ya yi kaca-kaca. Daga watan Mayu Jamus ta fara kwashe jiragenta zuwa gabas don mamayar Tarayyar Sobiyet, wadda ta fara ranar 22 ga Yuni. Sai a watan Agusta na shekarar aka haɗe rundunonin kashe gobara suka zama runduna ɗaya ta ƙasa, da shugabanci ɗaya da kaya iri ɗaya, lokacin manyan hare-haren sun riga sun wuce. Hari na ƙarshe a kan Coventry ya zo ne a farkon Agustan 1942, a unguwar Stoke Heath, ya kashe mutum shida.